Kwandon Shinkafa a Ofishin Kwangila

Sun ce na ba da cin hanci. Ni Nalishebo, uwar Lubasi, da furfurata da sauran haƙoran da suka rage mini. Suka rubuta a takarda suka manna a bangon Boma, can inda ofisoshin gwamnati suke, duk wanda ya wuce ya karanta, ni kaɗai ce ban iya karanta abin da aka ce na yi ba. To ga yadda aka yi. Wanda ya ga laifina ya zo ya faɗa mini ido da ido.

Tun ina da ƙarfin ɗaukar buhu a ka nake noman shinkafa a fadamarmu, kuma tun lokacin daga Lusaka ake kawo wa asibitin gunduma shinkafar da marasa lafiya ke ci. Da can a jirgin ruwa ake ƙetaro da ita. Da aka ɗaga titi bisa fadama sai babbar mota, tana ratsa tsakiyar gonakin mutane, muna sunkuye tana wucewa ta samanmu. Tamu shinkafar kuwa, in ana dafa ta a wannan tudun, na wancan tudun sai sun ɗaga hanci. Wadda motar ke kawowa na gan ta da idona shekarar da surukata ta je zaman jiran haihuwa a rumfar asibitin. Duk tsaki ce, ƙwari na kai-komo a ciki kamar ranar kasuwa, in an dafa warin buhu take yi. Yarinya tana ci tana kau da kai, alhali rumbunmu a cike. Tamu 'yan sari ke zuwa da kaka su kwashe a wulaƙance. Wa ya sani, watakila ma ita ce ke tsufa a wani sito can Lusaka, sannan a ɗora ta a mota a dawo mana da ita.

Na tambayi mai dafa abincin asibitin, na ce me ya hana ku saya a wurinmu? Ta ce, "Kwangila ce, Bo Ma-Lubasi." Bo girmamawa ce a wurinmu, Ma kuwa uwa. Kalmar kwangilar nan ta faɗe ta kamar sunan ciwon da ba shi da magani.

Sai ga shi wata rana, ana gab da girbi, rediyo ya ce an sake doka. Abin da asibiti da makaranta da gidan yari za su ci, a fara nemansa a hannun mutanen yankin. Ƙananan ƙungiyoyi, har da na mata, su kai takardunsu, a buɗe a gaban kowa. Namatama, ƙawata tun muna 'yan mata, tana zaune tana tsefe kai, ta ce, "Ƙarya ne. Rediyon ne ya sha giya."

Ba ƙarya ba ne. Muka taru ƙarƙashin mangwaron tudunmu, mu matan da ke noman shinkafa. Bo Inonge, tsohuwar malamar makaranta da ta ajiye alli ta dawo fartanya, ita ta san kan takarda, ita ta yi ta sintiri har ƙungiyarmu ta sami rajista da hatimi. Aka ce a zaɓi shugaba.

"A ba Nalishebo," in ji Namatama. "In ta buɗe bakin nan nata, ko dorina nutsewa take."

Aka yi dariya, aka ba ni. Da 'yan sari suka zo da kakar nan, muka ce su koma da buhunansu. Kowace mace ta zuba amfaninta a rumbu ta liƙe, muka zauna jiran ranar da gwamnati za ta buɗe akwatinta.

Gwamnati ba ta san ruwa ba. Ranar kai takardu ta faɗo daidai lokacin da kogin Zambezi ya cika ya shafe fadama, ƙafar Bo Inonge kuma ta kumbura ba ta iya shiga kwalekwale. Ta miƙo mini takardun a leda, ta ce, "Akwai akwati a ofishin, mai 'yar ƙofa a sama. Ki jefa. Kuma Nalishebo, don Allah ki riƙe bakinki." Baki ta ce in riƙe, na kuwa riƙe.

Da hantsi muka tura kwalekwale, Namatama a tsaye a baya da dogon filafili, ni a tsakiya, ledar a ƙugu, kwando tsakanin ƙafafuna. In ruwa ya cika, mutum ba ya sanin inda ƙasa ta ƙare sama ta fara. Gajimare a bisa, gajimare a ƙasa, mu a tsakani kamar tsinke a kan nono. Bado ya buɗe ko'ina. Muka wuce wasu shanu suna iyo zuwa tudu, ƙahoni da hanci kawai a waje, balbelu a tsaye a bayansu ko motsi ba sa yi, kamar sun biya kuɗin mota. Na leƙa ƙasa sai ga gonar masarata tana wucewa a ƙarƙashinmu, kunyoyin da na ja da hannuna suna nan, 'yan kifaye suna bin su ɗaya bayan ɗaya kamar masu duba aiki. Rana ta yi ɗumi, kwalekwalen yana lilo. Sai na ga marigayi mijina Liswaniso yana tafe a ƙasan ruwan, fartanya a kafaɗa, rigarsa tana tashi a hankali. Bai ɗago ba. Da ma shi ba mai yawan gaisuwa ba ne.

"Bo Ma-Lubasi," in ji Namatama, "barci kike ko mutuwa? In mutuwa ce gaya mini in juya, ba zan yi tuƙin banza ba."

"Tuƙa, ke tsohuwar zalɓe. Ƙafafun nan naki da Allah ya ja ya manta bai tsaya ba, yau sun yi rana."

"Shugaba guda tana munshari a gaban takardun gwamnati."

"Addu'a nake."

"Da baki a buɗe? Ƙuda uku na gani sun shiga, biyu suka fito."

Kwandon nan, shinkafa ce a ciki, wadda na tsince da hannuna ƙwaya-ƙwaya, na rufe da farin ƙyalle. Uwata ta koya mini, uwarta ta koya mata, ba a zuwa gaban babba hannu rabbana. Ko ƙarar akuya za ka kai gaban induna, dattijon da ke yi mana shari'a, sai ka ajiye ɗan abu, busasshen kifi ko ƙoƙon gari. Wanda ka kai ƙara shi ma ya ajiye nasa, ba wanda ya sayi kowa. Ana ajiyewa ne don a nuna an san gaban wanda aka zo. Kuma abin da aka ajiye ba a ɗauka. Wanda ya ajiye ya sake sunkuyawa ya ɗauka, ya ce ke nan ba ni ba kai har kabari. Wannan ko yaron goye a fadama ya sani.

A ofishin muka tarar da maza da kwat da takalma masu ƙyalli, kowa da jaka. Ga akwatin kamar yadda Bo Inonge ta ce. Bayan tebur wani saurayi ne zaune, Sitali, shi ne jami'in kwangila, ɗan fadama ne, na san ƙauyen uwarsa. A gefensa wata mata mai tabarau, Mis Chanda, an turo ta daga Lusaka ta sa ido a kan sabuwar dokar.

Na jefa takardun. Sannan na juyo na tattare zanena, na durƙusa, na tafa hannu, na ajiye kwandon a gaban tebur.

Na ga hannayen yaron nan sun ɗago da kansu za su amsa mini tafin, don hannu ba ya manta gida. Sai ya dubi matar, ya cusa su ƙarƙashin tebur kamar ya taɓa wuta.

"Bo Ma," ya ce ƙasa-ƙasa, "don Allah ɗauki kwandon nan."

"Na ajiye."

"Na sani. Ɗauki yanzu. Ban gani ba."

"Ka gani mana, makaho ne kai? Shinkafar tudunmu ce. Ka kai wa matarka."

"Bo Ma, ina roƙonki."

Matar ta yi masa tambaya da Turanci, ya amsa yana gumi. Ɗaya daga cikin masu kwat ɗin, daga baya na ji wakilin ɗan kwangilar Lusaka ne, ya ɗaga wayarsa ya ɗauke ni hoto ina durƙushe. Har gyara ɗankwali na yi.

Na ce wa Sitali, "Ɗana, me ka yi mini, me uwarka ta yi mini, da zan ɗauke abin da na ajiye a gabanka?"

Namatama ta ja ni ta ce, "Tashi mu tafi. Kunya yake ji a gaban baƙuwa." Muka fito muna yaba tarbiyyarsa.

Ba a daɗe ba saƙo ya iso hannun induna, ya aiko wa Bo Inonge ta karanta mana a gindin mangwaro. An soke takardunmu tun ba a buɗe su ba. Shugabar ƙungiya ta ba jami'in gwamnati toshiyar baki a gaban shaidu, akwai hoto. An hana ƙungiyar neman kowace kwangila har shekara biyu. Tun da ba wani na yankin da ya cika sharuɗɗa, mutumin Lusaka zai ci gaba da kawowa na 'yan watanni, sannan a sake buɗe akwati. Ban da mu.

Da sun zage ni da na ji daɗi, don zagi na san yadda ake rama shi. Sai Monde, wata yarinya da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya, ta ce a hankali, kamar da ƙasa take magana, "Bo Ma, rumbuna ya fara gumi." Duk mun sani. Ruwa ya kewaye tudu, laima tana hawa ta ƙasa, shinkafa ba ta jiran shekara biyu. Ni na ce su kori 'yan sari. Ni na ce su jira.

Na ɗaure 'yan tsummokarana na koma Boma. Na sauka gidan 'yar ƙanwata, kullum da safe in je in zauna a bencin baranda. Aka ce ana ɗaukaka ƙara, na ce na ɗaukaka. Aka ce sai kwamiti ya zauna, na ce ni na riga shi zama. Masinjoji in sun hango ni sai su ce, "Mai kwando ta iso." In ce, "Uwarka ce mai kwando, kuma ta fi ka daraja."

Barandar nan da rana tsaka zafi gare ta, kwanon rufi yana ta ƙara, idona sai ya yi nauyi. Sai in ga ruwa ya biyo ni. Yana hawa matakala a hankali, ba ƙara, ya shiga ƙarƙashin ƙofofi, ya ɗaga tebura. Akawuna suna zaune a kan kujerunsu suna wucewa ta gabana, suna tuƙi da abin rubutu. Takardu sun baje a kan ruwa, farare, suna buɗewa kamar furanni. Wata karfasa ta fito daga aljihun tebur ta dube ni ta koma. Sai shinkafa ta fara tsirowa ta tsagar siminti, kore shar, ta kai gwiwa, ta kai ƙugu, ta yi kai, ta sunkuya, ƙamshinta ya cika ofis har maigadi ya cire hula. In farka in tarar da benci, da ƙuda, da ƙafata ta mutu. Wata rana a mafarkin har girbe ta na yi, na tara dami a ofishin mai binciken kuɗi. Na tashi bayana yana ciwo.

Ranar da kwamitin ya zauna, wani dattijo ne a tsakiya, Bo Mubita, tsohon alƙali, kansa fari fat. Mis Chanda tana gefe, Sitali shi ke yi mana tafinta, ya rame. Ban durƙusa ba. Karo na farko ke nan a rayuwata da na tsaya ƙiƙam a gaban manya, gwiwoyina suna ta neman ƙasa ina hana su.

Na ce, "Rediyo ya ce mu zo. Bai ce mu bar tarbiyyarmu a gida ba. Da kuka kafa dokar, wa kuka aiko ya zauna a tudunmu ya ce mana ga abin da ake yi, ga abin da ba a yi? Kai Bo Mubita, ɗan fadama ne kai. Ranar da ka je gaban surukanka hannu rabbana ka je?"

Ya ce, "A'a, Bo Ma."

"To cin hanci ka ba su?"

Mis Chanda ta cire tabarau ta yi magana mai tsawo, Sitali yana juya mini. Ta ce kakarta ma ba ta zuwa gidan kowa hannu rabbana, ta san abin da nake nufi. Amma manyan 'yan kwangila su ma gaisuwa suke kiran nasu. In aka bar kwando yau, gobe saniya ce, jibi mota, kuma ranar da aka fara gasar gaisuwa, mai kwando ba za ta taɓa cin mai mota ba. Ta ce dokar nan sanda ce da aka sassaƙa don a kare irina.

Ba zan ɓoye ba, maganarta ta shiga. Saniyar za ta biyo baya, na san mutanenmu. Amma wannan bai sa na huce ba.

Na ce, "Gaya mata na ji. Sandar kura ce, amma a kan akuya aka fara gwada ta. Mutumin Lusaka tun haƙorana suna cike yake cin kwangilar nan. Kun taɓa manna sunansa a bango? Nasa kwandon ta cikin waya yake bi, ba durƙuso, ba tafi, ba mai ɗaukar hoto."

"Kina da shaida?" in ji Bo Mubita.

"Ina da ƙwarin da ke cikin abincin masu ciki. Aika a ɗebo maka, su ba da shaida da bakinsu."

Wani a cikinsu ya yi dariya ya mai da ita tari. Bo Mubita ya daɗe yana kallon tagar da ke fuskantar fadama. Sannan ya ce ba shi da ikon shafe abin da aka gani, doka ba ta ba shi ba. Amma laifi yana bin hannun da ya ajiye. In ƙungiya ta cire ni daga shugabanci, ta cire ni daga cikinta baki ɗaya, shinkafata ko ƙwaya ba ta shiga buhunansu ba har shekara biyun su cika, to za su iya kai takarda in an sake buɗe akwati. In sun ƙi rabuwa da ni, duk mu jira tare.

Na ce, "Wato in sun yar da ni sun yi tsarki."

"Ban faɗi haka ba, Bo Ma."

"Ba ka faɗa ba, rubutawa ka yi."

Ina sauka daga matakala Sitali ya biyo ni. Ya waiga bai ga kowa ba, ya durƙusa da wandon ofis ɗinsa a ƙasa, ya tafa mini hannu. Ya ce, "Da na san kina tafe, da a bakin ruwa na tare ki."

"Tashi kada su ɗauke ka hoto. Ina kwandona?"

"Yana kulle a ɗakin ajiyar shaida."

"Shinkafar fa?"

Ya sosa ƙeya. "Ɓeraye, Bo Ma."

"To madalla. Ɓerayen Boma sun fi mutanenta sanin abu mai kyau."

A gindin mangwaro na faɗa musu hukuncin yadda yake, ban rage ba. Namatama ta miƙe tsaye da tsawonta duka.

"Ba inda za ki. Ni na ɗauko kwandon daga kwalekwale, ni na ce yaron kunya yake ji. In ruɓewa ce mu ruɓe tare."

"Haka ne," in ji wasu. Amma na ga idanun da suka sauka ƙasa.

Na ce, "Ruɓewa? Ke kin taɓa ganin ruɓa ta ciyar da yaro? Ke Monde, ɗago ki dube ni. Rumbunki ya daina gumi?"

Ta girgiza kai.

"To ɗaga hannu a cire ni."

"Bo Ma, ba zan iya ba."

"Ɗaga, ko in zo in ɗaga miki shi har ya fita daga kafaɗa. Ke ma Bo Inonge, da iliminki da kumburarriyar ƙafarki. Ku kore ni, 'yan banza, tun ban sake shawara ba."

Suka ɗaga, ɗaya bayan ɗaya, wasu suna rufe fuska da zane. Namatama ce ta ƙarshe, ta ɗaga nata kamar za ta mare ni. Na naɗe tabarmata na fita daga inuwar, na shimfiɗa a rana can gefe. Suka zaɓi Namatama shugaba. Da suka fara zancen buhuna, na ji za su ɗauko na wani mutum da na san zarensa ba ya riƙo, na ɗaga murya na ce kada su kuskura.

Bo Inonge ta ce, "Nalishebo, ba kya cikin taro."

"Ba da ku nake ba. Da mangwaro nake."

Da aka sake buɗe akwati, Bo Inonge ce ta kai takardun, tana ɗingishi, hannu ba komai. Ta dawo ta ce tun daga ƙofa har tebur ji take kamar ba zane a jikinta. Aka buɗe a gaban kowa, aka ba su rabin abincin asibitin, sauran rabin ya tafi wurin wasu manoma na gabar yamma. Motar Lusaka ta daina zuwa da shinkafa. Na yi murna, ban ce ban yi ba. Amma murna daban, haƙƙi daban. Ku da kuke zaune a Lusaka kuna gyara yadda gwamnati ke sayen kaya, kun yi abu mai kyau, kun kuma yi shi da ka. Ban saci kowa ba, ban sayi kowa ba. Ina neman a wanke sunana a gaban mutanen da aka ɓata shi, kuma kafin ku sake kai doka wani wuri, ku aiki mai baki ya riga takarda isa. Ban yafe ba, ba kuma zan gaji da benci ba.

Ranar lodi ruwa ya fara ja, kawunan ciyawa sun fito, ko'ina warin laka da sabon tsiro. Da sassafe tudun ya cika da ƙarar awo da ɗinkin buhu, ni ina zaune a ƙofar ɗakina ina gyaran ragar kifin Lubasi da ba ta bukatar gyara. Sai ga Namatama ta zagayo ta bayan rumbuna da buhuna a hammata.

"Buɗe," ta ce.

"In buɗe me?"

"Kada ki mai da ni 'yar iska. Shinkafa tana da suna a goshi ne? A zuba a cikin tawa, wa zai sani? Matan duk sun yarda."

"Shugabar kwana nawa, har kin fara."

"Nalishebo, taki ta fi ta kowa kyau a tudun nan. Ki bar ta ta lalace don taurin kai?"

Na dubi rumbun. Ƙarya nake in na ce zuciyata ba ta tashi ta nufi ƙofarsa ba. Na san kowane dami da ya shiga ciki, na san ranar da na yanke shi.

Na ce, "Mai wayar nan bai mutu ba. Jira yake ku yi tuntuɓe ɗaya ya dawo da motarsa. Kuma ko ba shi, tawa ba za ta shiga asibiti ta bayan gida a ɓoye kamar kayan sata ba. Ranar da za ta shiga, da rana tsaka za ta shiga, ina tafe a bayanta."

"In kin kai."

"In ban kai ba ki kai ta, ke da ba kya mutuwa."

Ta tsaya tana kallona, ta ce, "Tsohuwar banza." Ta share ido da bakin buhu, ta juya.

Rana ta ɗan ɗaga suka tura jiragen kwalekwalensu, a jere cikin mashigin da ruwa bai bari ba tukuna, duk sun nutsa har baki saboda nauyi. Hazon ruwa bai gama tashi ba, sai ya zama ƙafafun matan ba a gani, kamar a kan hayaƙi suke tsaye. Suka ɗauki waƙar tuƙi. Ba mai ja musu baki, kowa ta kama inda ta ga dama, waƙar ta fito a karkace, filafilai suna karo da juna. Na jure na ɗan lokaci. Sannan na yar da ragar na gangara bakin ruwa, laka har idon sawu, na buɗe murya na ja musu. Suka amsa. Na sake ja, suka amsa, filafilan suka daidaita. Na ci gaba da ja har suka yi nisa, har ban san ko suna jina ba.